Inda Yake Kwana a Birnin Rum

Ana jibi zan bar Nima, unguwarmu a Gana, zuwa karatu a Italiya, wajen ƙarshen shekarun tamanin, Baba ya kira ni bayan la'asar muka zauna a bencin ƙofar gida. Na ɗauka doguwar nasiha zai yi mini a kan salla da matan Turawa. Sai ya ce aiki ɗaya zai ba ni.

Wani saurayi ɗan unguwar Maamobi yana neman yayata da aure. A da makanike ne a unguwar Alajo, ya bi ta Legas da Libiya, yanzu shekararsa huɗu a birnin Rum. Duk wanda ya tsallaka Turai a unguwarmu Boga ake ce masa, shi ma haka muke kiransa, in a gabansa ne kuma mu ce Bra, wato babban wa. Danginsa sun kawo goron gaisuwa an karɓa, suna so a ɗaura aure bayan ƙaramar salla ko da ango ba ya nan, daga baya amarya ta bi shi. Ba sabon abu ba ne a zango, wato unguwannin Hausawa irin tamu. Amma kafin a ba mutum 'ya, sai an tura wani ya ga gidansa, ya ji bakin maƙwabta. Shi kuwa wannan gidansa yana bayan teku.

"Ban ce ka tambaye shi komai ba," in ji Baba, "na san bakinka da nauyi. Ka je ka ga inda yake kwana. Abin da ka rubuto mini, da shi zan yi aiki."

Yaya ba yarinya ba ce a lokacin. Tana da shagonta na ɗinki, ta riga ta mayar da manema biyu, wannan kuwa ita ta ce tana so. Ta haɗa mini saƙo in kai masa: ƙullin garin rogo, da riga da ta ɗinka, da wata ƙatuwar kwalbar shito, wato soyayyen barkono da busasshen kifi a cikin mai. Ta naɗe murfin da leda ta ɗaure da zaren ɗinki.

"Kada ka karkata ta," ta ce. Iyakar abin da ta faɗa mini ke nan.

Tun kafin in tashi ina da abin da ke damuna game da Boga, ban dai gaya wa kowa ba. Ni nake rubuta wa mutanen unguwa wasiƙa, ni nake karanta musu amsa, shi ya sa ake ce mini Akawu. Hotunan 'yan Turai da yawa sun bi ta hannuna. Guda uku Boga ya aiko wa Yaya, duka yana tsaye gaban tsofaffin gine-gine cikin wata doguwar kwat mai launin ƙasa. Maɓalli na biyu daga sama baƙi ne, sauran ruwan ƙasa. Wata rana a Alajo, wata tsohuwa ta miƙo mini hoton ɗanta in karanta mata abin da ya rubuta a baya. Shi ma a Rum yake, shi ma cikin doguwar kwat mai launin ƙasa, maɓalli na biyu baƙi. Na karanta mata gaisuwarta, na mayar mata da hoton.

Garin da nake karatu, Perugia, yana kan tudu, tafiyar 'yan sa'o'i a jirgin ƙasa zuwa Rum. Ina sauka na rubuta wa Boga. Adireshin da yake amfani da shi na wani shagon shan kofi ne, ba na gida ba. Sau biyu yana ɗaga ranar zuwana. Na farko ya ce aiki ya yi yawa a kamfanin fatar da yake kula da sito, na biyu ya ce mura. Sai da sanyi ya kankama, kwalbar tana zaune a bakin tagata wata biyu, sannan ya ce in zo ranar Asabar in koma Lahadi.

A babbar tasha na hango shi tun daga nesa. Kwat ɗin na fara ganewa kafin fuskarsa. Ya rame fiye da yadda yake a hoto, hannun kwat ɗin ya rufe masa rabin yatsu. Ya rungume ni yana dariya.

"Akawu! Cale, abokina, har yanzu ba ka yi nama ba? Makaroni bai karɓe ka ba ne?"

Na gaishe shi, na isar da gaisuwar Baba da ta Mama. Ya kai hannu zai karɓi jakata, sai na ji na ƙara riƙe ta.

"Saƙon Yaya ne a ciki, Bra. Sai mun je gida."

Ban shirya wannan maganar ba, fitowa kawai ta yi. Amma tana fita na ga ita ce kaɗai igiyar da nake da ita. Ba zan iya duban babban mutum in ce masa kai ni in ga ɗakinka ba. Saƙo kuwa kowa ya san a gida ake sauke shi.

"Gidan da nisa," ya ce. "Ka zo Rum ba ka ga Rum ba? Me za ka ba su labari a Nima?"

Ya kai ni wani ƙaramin masauki a bayan tasha, inda ya riga ya kama mini gado. Na tsaya ina kallon gadon. A zango, ko a ɗaki ɗaya kake da mata da 'ya'ya, baƙon da ya zo daga garinku a wurinka zai kwana, ko da kai za ka koma baranda. A kai shi gidan haya abin kunya ne. Boga ya san haka kamar yadda na sani. Ya ce ana yi wa gidansa fenti, warin ba zai bar ni in yi barci ba. Ya ce in ajiye jakar a nan. Na ce zan riƙe abata, ban yarda da masu masaukin ba.

Haka na fita yawon buɗe ido da jaka mai nauyin ƙaramin yaro, ina tafe ina lura kada ta karkata.

Wurin farko da ya kai ni shi ne Kolosiyo, tsohon filin wasan nan mai zagaye inda mutanen dā suke taruwa su kalli faɗan mutum da namun daji. Tun ina sakandare na san shi a wani littafin laburare da bangonsa ya cire. Na sha tunanin yadda zan ji idan na gan shi. Da muka fito daga wani lungu ya bayyana a gabanmu, hawa kan hawa, ƙofofi a jere kamar idanun da aka ƙwaƙule, sai da na daina tafiya. Iska mai sanyi tana ratsa rigata, hancina yana zuba. Na fara gaya wa Boga abin da na karanta, yadda ake shigo da zakuna ta ƙarƙashin ƙasa.

"Haka ne, haka ne," ya ce, idonsa yana wani wajen. "Shiga ka gani. Ni na shiga har na gaji. Zan jira ka a nan."

Akwai masu kaki biyu a bakin ƙofar. Na lura tun da muka iso yake sa ni a tsakaninsa da su.

Na shiga ni kaɗai, na hau bene. Jama'a suna leƙa ramukan tsakiyar filin suna ɗaukar hoto. Ni kuwa na juya wa filin baya, na nemi wata ƙofa da ke kallon waje, na leƙa ƙasa. Ga Boga can ya tsallaka titi, yana tsugune gaban wasu baƙaƙen fata biyu da suka shimfiɗa zane a ƙasa suna sayar da bel da jakunkuna. Yana magana da sauri, yana nuna inda na shiga, ya sa yatsa a baki. Ɗaya daga cikinsu ya yi dariya har da dukan cinya. Na tsaya a wurin har ƙafafuna suka sandare. In faɗi gaskiya, abin da na gani na cikin Kolosiyo a ranar bai kai abin da na gani a littafin laburare ba.

Da na fito muka bi ta gaban mutanen nan biyu. Ba su ɗago kai ba, shi ma bai dube su ba. Baƙin mutum ya wuce baƙin mutum a ƙasar Turawa ba ko ɗaga gira, wannan ma kaɗai ya isa shaida.

Yana da kyamara a aljihu. Ya ce sai ya ɗauke ni hoto, amma ba da wannan rigar sanyin tawa mai kama da bargon asibiti ba. Ya cire kwat ɗin ya ɗora mini.

"Tsaya sosai. Sa hannu a aljihu, kamar gidan ubanka ne a bayanka."

Na sa hannu a aljihu, yatsuna suka taɓa takarda. Yana ƙoƙarin gyara kyamara na zaro gefenta na duba. Ambulan ne da kan sarkin Gana, sunan da ke jiki ba nasa ba ne. Na mayar. A hoton nan ban san irin fuskar da na yi ba.

Daga nan tunanina ya rabu. Ko da sunan wani yake zaune a ƙasar? Ko akwai wata Baturiya a gidan da ba ya so in gani? A Nima mun sha jin labarin waɗanda ke ɗaukar ƙullin da ba a tambayar abin da ke ciki, har na fara zargin ko mutanen zanen nan yaransa ne. Ina tafe a bayansa ina jera waɗannan a raina ɗaya bayan ɗaya, shi kuwa yana nuna mini ginshiƙan tsohuwar kasuwar Rumawa daga bakin titi. Kyanwoyi sun cika kangon, sun yi ƙiba, suna kwance a kan duwatsun da na yi shekaru ina haddace tarihinsu.

"Wane sarki ne ya gina wancan?" na tambaye shi, ina nuna wata babbar ƙofa ta dutse. Na san amsar.

"Wani ne dai cikinsu. Duk sun mutu, Akawu."

Bai san sunan gini ko ɗaya ba. Amma ya san inda kowane famfo yake. A birnin akwai wasu gajerun famfunan ƙarfe a bakin hanya da ruwa ke zuba dare da rana, ba mai rufewa. Ni da na tashi ina bin layin ruwa da bokiti, sai da na nemi makunnin in kashe. Ya yi mini dariya. Ya san bayan gidan da ba a hana baƙi shiga, ya san lungun da iska ba ta kaiwa. Da azahar ta yi, ya ja ni bayan wani bango, ya zaro kwali daga wani rami kamar wanda ya ajiye shi jiya, ya yi alwala da ruwan da ni da na taɓa sai da na ji har cikin haƙorina. Bai yi wata dube-dube ba ya fuskanci alƙibla. Na bi shi salla, amma ko a cikin sujada ina tunanin mai aikin sito daga Litinin zuwa Juma'a ba zai san ramin kwali a bayan kango ba.

Ya saya mana wata irin gujiya mai ɓawo da ake gasawa a bakin titi, muka ci muna ɗumama hannu da takardar. Bayan hannunsa duk ya tsattsage.

"Kamfanin naku ta ina yake, Bra?"

"Can," ya ce, ya nuna da haɓa. Inda ya nuna, kogi ne.

Rana tana faɗuwa da wuri a lokacin sanyi. Kafin magariba ya mayar da ni masauki. Na ce ko warin fenti ne zan iya jurewa, ina so in sauke saƙon. Ya ce ba fentin kaɗai ba ne, mai gidan wata tsohuwa ce mai faɗa, ba ta son baƙi. Ɗazu da safe bai ambaci tsohuwa ba. Da ya tafi na zauna a bakin gado na rubuta duka a ɗan littafina, fenti a layi ɗaya, tsohuwa a layi na ƙasa.

Lahadi ta waye da yayyafi. Ya zo da fara'arsa, ya dubi jakar a kafaɗata, fara'ar ta ragu.

"Kai da jakar nan aure aka ɗaura muku?"

"Yau ai za mu je gida kafin jirgina."

"In sha Allah."

Ya kai ni Fantiyon, wani tsohon ɗakin bauta mai rufin ƙubba. Nan ya yarda ya shiga, ina jin don babu mai kaki a ƙofar. A tsakiyar rufin akwai ƙaton rami a buɗe, yayyafin yana saukowa ta nan a hankali, haske yana bi ta cikinsa, ruwan yana ɓacewa ta wasu 'yan huji a daɓen. Wannan kam na kalla. Na ɗaga kai na daɗe, na manta da Boga, na manta da Baba. Na kuma manta da jakar, ta zame ta kwanta a bayana.

Warin ne ya dawo da ni. Wata tsohuwar Baturiya da ke kusa da mu ta fara shinshina iska tana waige-waige. Mai ya bi ta ƙarƙashin leda, ya jiƙe gindin jakar, ya sauko a kan wandona. Duk wanda ya taɓa zama a Nima ya san wannan ƙanshin. Boga ya rufe ido ya ja numfashi.

"Ita ta soya da kanta?" ya tambaya a hankali.

"Kwana biyu tana yi."

"Ba ni kawai, Akawu. Ka ga har ya ɓata maka wando."

Na kusa ba shi. Kunya ta kama ni, ga mutum yana roƙon abin da nasa ne. Amma na tuna da zarar na miƙa, sai dai ya raka ni tasha mu yi sallama, in koma ban da abin rubutawa sai zato. Na ce masa saura kaɗan ai, zan ƙarasa da ita.

Muka yi ta tafiya a cikin lunguna. Na gane jan lokaci yake yi har jirgina ya gabato. Wajen sha ɗaya muka fito wani dandali mai wata doguwar matattakala ta dutse da ta hau tudu har zuwa wani coci. Yayyafi ya ɗauke, jama'a sun fito. A gefen matakan masu shimfiɗa zane sun jeru da bel da tabarau da lema. Boga ya so mu bi ta ɗaya gefen, ni kuwa na ce daga nan hoton zai fi kyau. Da gangan na faɗa.

Muna tsakiyar hawa wani ya yi fito. Kafin in gane abin da ake ciki, kowane mai zane ya tattara kusurwoyi huɗun zanensa ya saɓa a kafaɗa, suka watse. 'Yan sanda uku ne suke tahowa daga ƙasa, ba ma sauri suke yi ba. Wani dattijo mai furfura a gemu ya zo wucewa ta gabanmu, ƙafarsa ta zame a kan jiƙaƙƙen dutse, kusurwa ɗaya ta kuɓuce masa. Bel suka zube suna gangarawa kan matakan. Ya ɗago ya ga Boga, ya yi masa magana da Hausar mutanen Nijar.

"Kai ɗan Gana, tsaye za ka yi kana kallona? Rabin kayan nan ba naka ba ne?"

Boga ya dube ni. Bai fi ƙiftawar ido biyu ba, amma na ga duk abin da ke fuskarsa. Sai ya sunkuya ya kwashe bel ɗin da hannu bibbiyu, ya kama dattijon a hammata, suka haura da gudu, kwat ɗin tana kaɗawa a bayansa.

Aka bar ni ni kaɗai da jaka mai ɗigar mai. Ɗan sanda ɗaya ya tsaya ya dube ni. Na zaro katin makaranta, ya duba, ya dubi wandona, ya wuce. Ban san hanyar tasha daga nan ba, ban kuma san ko Boga zai dawo ba. Na zauna a kan matakin da ya bar ni. Sanyin dutsen ya ratsa ni har ƙashi. Abin mamaki, ban ji daɗin cewa zatona ya tabbata ba. Yunwa kawai nake ji da son in koma ɗakina.

Ya fi sa'a guda kafin ya dawo. Ya tsaya a kaina, bai yi dariya ba.

"Tashi mu je gida," ya ce.

Bas biyu muka hau. Ta biyun ta kai mu har inda gidaje suka ƙare, gonaki suka fara. Muka taka cikin laka zuwa wani tsohon gini da ba a gama ba, an toshe tagoginsa da kwali da leda. Ɗaki ɗaya ne babba. Katifu takwas na ƙirga a ƙasa, a jikin bango an jera ƙullin kaya, a tsakiya ga risho da babbar tukunya. Ba fenti, ba tsohuwa, ba Baturiya. Maza ne kawai, wasu 'yan Kumasi, wasu 'yan Nijar, ɗaya ɗan Senegal. Dattijon nan yana zaune yana shafa man zafi a gwiwa.

Wani mai tsayi ya taso, ya sha aski, takalminsa yana ƙyalli.

"Tun jiya kake riƙe da ita," ya ce wa Boga. "Ni ma fa ina da uwa mai jiran hoto."

Boga ya cire kwat ɗin ya miƙa masa. Mutumin ya laluba aljihu, ya zaro ambulan ɗin nan, ya ce ga wasiƙarsa nan, ya yi ta nemanta.

Aka ba ni wuri a kan katifar Boga. Tana can ƙarshen ɗaki, an ja bargo a kanta ba ko lanƙwasa. A gefenta akwai akwatin ƙarfe na sifanu da sauran kayan makanikai, kowanne a goge. Na ajiye jakar a gabansa na ce ga saƙon Yaya. Ya kwance zaren a hankali bai tsinka shi ba.

Da murfin ya buɗe, kowa ya matso. Aka sauke shinkafa, aka juye a faranti biyu manya. Boga da kansa ya riƙa zuba wa kowane gefe cokali ɗaya. Ɗan Senegal ya ci ya yi ta tari, ana yi masa tsiya.

"Wannan shi ne ƙanin amaryar?" in ji dattijon. "Jiya aka ce ko mun gan ka mu yi kamar ba mu san Hausa ba. Yaro, ka ba mu wuya. Ni gaisuwa ce ta tsaya mini a wuya tun jiya."

Aka yi dariya, har da Boga, amma bai ɗago ba. Na ci abincin. Rabona da cin abu mai daɗi haka tun Nima, kuma kowace loma da nauyi take sauka.

Shi ya raka ni tashar bas. A hanya ya ce akwai wani mai gareji a ƙauyen da yake taya shi aiki, ya yi masa alkawarin zai tsaya masa ya sami takardun zama. Da zarar sun fito zai kama ɗaki nasa. Ina saurare ina tambayar kaina ko mai garejin ma irin fentin ne. Kayan aikin dai na gan su da idona. Alkawarin ne ban gani ba.

"Me za ka rubuta wa Baba?"

"Abin da na gani, Bra."

"Ai ka ga Rum ma." Ya yi ɗan murmushi, ya share hanci da bayan hannu. Ba kwat a jikinsa yanzu, sai wata 'yar rigar sanyi da ta ƙone a hannu. "Ban ce ka yi ƙarya ba. Ka dai ba ni zuwa babbar salla."

Bas ta zo, na shiga. Ya tsaya a wurin, hannuwa a hammata.

Kwana tara na yi ina rubuta wasiƙar. Na yaga ta sau uku. Na yi tunanin in ce ban same shi ba, na yi tunanin in ce gidan ƙarami ne amma da tsabta. Sai in tuna an kusa ɗaura aure a kan maganata, Yaya ta rufe shagonta ta sayar da kekenta ta taho wannan ɗakin. A ƙarshe na rubuta komai a jere yadda ya faru. Na sa katifun da risho da gudun da aka yi a matattakala. Na sa cewa ba shi da takardu, ba kuma kamfani. Na sa cewa yana salla a kan lokaci, bai bar dattijo a ƙasa ba, ban ga alamar mace ko giya ba, kuma ya roƙi a ba shi zuwa babbar salla. Shafi huɗu. Na karanta sau biyu ban ga kuskure ba, na kai gidan waya.

Sai da ambulan ya faɗa cikin akwati na tuna abin da ban lissafa ba. Baba ba ya karatun boko. Ni nake karanta masa wasiƙa, ni kuwa ga ni a nan. Wanda ya rage a gidan da zai iya karanta rubutuna, Yaya ce.

Amsa ta zo bayan sati biyar, da rubutun hannunta, da bakin Baba. Ya ce ya ji, Allah ya yi albarka. Ya ce ya aika wa mutanen Maamobi a dakata sai yaron ya sami takardu da ɗaki. Su kuma sun ji haushin an tura a leƙa ɗansu, sun ce in haka ne a bar maganar, sun aiko an karɓe musu kayansu. Ya ce in dage da karatu, in riƙa rufe ƙirjina.

A ƙasan shafin, bayan an ja layi, ta ƙara nata da ƙananan baƙaƙe.

"Na karanta masa duka, ban tsallake layi ko ɗaya ba. Ɗakin kuwa na san da shi tun bara, shi da bakinsa ya faɗa mini a kaset. Dā na ga zan iya zama da shi a haka. Ba ni na aike ka ba."

Boga bai sake rubuto mini ba, ni ma ban san me zan ce masa ba. Da na je gida hutu bayan shekara biyu, Yaya ta tare ni da murna, ta auna ni ta ɗinka mini kaftani. Tana awon tana tambayata abinci da sanyi da karatu, da ko gaskiya ne Turawa suna kwana da karnuka. Rum kaɗai ba ta tambaye ni ba, kuma har yau ba ta tambaya ba.